Yadda Ake Tara Gudummawa Don Wutar Daji Da Yara Masu Ciwon Gado

Kafin a karɓi ko dala ɗaya, a sanar da lamiɗo ko jauron unguwa, sannan a nemi izinin hukuma a rubuce, domin a Kamaru neman taimakon jama'a a fili yana bukatar izini. A naɗa mutum uku: mai karɓa, mai rubutawa, mai ajiya. Kada kuɗi su fita sai biyu sun sa hannu.

A raba asusu biyu tun ranar farko. Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Wutar daji da ta cinye rumbu a lokacin hunturu tana son agajin gaggawa: dawa, tabarma, bargo, tukunya. Shi kuwa yaro mai hemofiliya, ciwon da jini ba ya saurin tsayawa, hidimarsa ta shekaru ce. In aka gwama kuɗin, gobara ke lashe su, yaron ya tashi a tutar babu.

Lambar Orange Money ko MTN MoMo ta zama ta kwamiti kaɗai, kuma a lissafa kuɗin cirewa cikin kasafi. Hatsi a saye shi da wuri, kafin farashi ya hau gab da damina.

Na yara kuwa, a nemi takardar likita, a biya asibiti ko kantin magani kai tsaye, a riƙe rasit. Kada a yaɗa hoton yaro a WhatsApp sai iyayensa sun yarda. Duk Juma'a bayan salla, a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita.