Yadda gundumar makarantu a Amurka ke neman lambar Green Ribbon a da

To ga masu aiki a makarantun Amurka, wannan lambar yabo ta kula da muhalli ma'aikatar ilimi ta tarayya ce ta fara ba da ita ga makarantu a 2012, a 2013 aka ƙara ta gundumomi, amma a 2025 ta daina ba da ita. Abu na farko fa, a lokacin ba kai tsaye ake nema ba, jiha ce ke miƙa sunan masu nema, don haka ofishin ilimi na jiha ake fara tuntuɓa.

Abu uku ake dubawa a lokacin: rage ɓarnar wuta da ruwa da shara, lafiyar yara da malamai, sai koyar da muhalli a aji. Ba wai a dasa itatuwa shikenan ba, ukun duka ake so.

Inda aikin yake shi ne takardu, akan kwaso bil ɗin lantarki da na ruwa na shekarun baya a jera su a ga raguwa da lamba, a ɗau hoton lambun makaranta yara na cire karas da hannunsu, a duba iskar ajujuwa da abincin kantin, kai har hayaƙin bas ɗin yara ana tambaya.

Kuɗi dai ba a bayarwa, allon yabo ne kawai.