Kurakuran da aka fi yi wajen auna nisan walƙiya

Hasken walƙiya nan take yake isowa ido, ƙarar tsawa kuwa sai ta yi tafiya, kusan mita 343 a sakan guda. Da wannan tazara kowa zai iya auna nisan walƙiya ba tare da na'ura ba, amma a nan lissafin mutane da yawa yake karkacewa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce kowane sakan kilomita ɗaya ne. A'a, sakan 3 ne kilomita ɗaya. In ka ga haske ka ƙirga 9 sannan tsawa ta biyo, nisan kilomita 3 ne, ba 9 ba. Ƙirgen baki ma ba abin dogaro ba ne, domin mai fargaba da sauri yake ƙirge. Yi amfani da agogon waya.

In hadari ya haɗu sosai, walƙiya na bin juna, sai mutum ya jingina tsawar wannan ga hasken waccan. Jira wadda ta fito ita kaɗai, ka tsayar da ƙirge a ƙarar farko, ba ƙarshen rugugi ba. Rugugin yana daɗewa ne saboda walƙiyar tana da tsawon kilomitoci, sautin sassanta na nesa yana makara. Ke nan abin da ka auna ɓangaren da ya fi kusa da kai ne kawai. Wata walƙiya da aka yi a Amurka a watan Oktoban 2017, tauraron ɗan'adam ya auna tsawonta ya kai kilomita 829.

Walƙiyar da ake hangowa da daddare ba ƙara, ba wata iri ce daban ba. Nisa ne; tsawa ba ta cika jiyuwa bayan kilomita 20 ba.

Kada hoto ya ruɗe ka game da kauri. Hanyar da wutar take bi ba ta wuce santimita 2 zuwa 3 ba, tsananin haske ne ke kumbura ta, don zafinta yakan kai digiri 30,000.

Mafi muni shi ne tsayawa a fili ko gindin bishiya ana ƙirge. A 1753 aradu ta kashe masani Georg Richmann a birnin Saint Petersburg na Rasha yana tsakiyar gwajin auna wutar hadari. In ƙirgenka bai kai 30 ba, shiga ɗaki, kuma kada ka fito sai an yi minti 30 da tsawar ƙarshe.