Yadda za ka kai ƙarshen Final Fantasy na farko ba tare da ka ajiye shi a rabin hanya ba

Satin da ya wuce na kashe Chaos, wato bos ɗin ƙarshe na Final Fantasy na farko, kuma wallahi sai da na ɗan jima zaune hannun gem ɗin na kan cinyata ina kallon rubutun ƙarshe yana hawa. Gem ne da kamfanin Square ya fitar a Japan a Disamba 1987 a kan na'urar Nintendo mai suna Famicom, bai iso Amurka a kan NES, wato sunan na'urar a can, ba sai 1990, ka ga ya girmi da yawa daga cikin masu buga gem na yanzu. Yawancin waɗanda na ji sun fara shi a waje ɗaya suke sarewa, wajen wani kogo da ake kira Marsh Cave, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda na bi na wuce, da kuma abin da na gani game da ko har yanzu ya cancanci lokacin mutum.

Kafin komai ka yanke shawarar wanne za ka buga, don ba ɗaya ba ne. Na asali na NES shi ne mai tsananin, yana cikin gem talatin ɗin da aka zuba a ƙaramar na'urar NES Classic ta 2016. Na Game Boy Advance na 2004 an sassauta shi sosai, an mayar da sihiri ya koma irin na zamani mai ma'auni ɗaya. Sai Pixel Remaster na 2021 da ake samu a waya da kwamfuta, wanda ya riƙe tsarin sihirin asali amma ya gyara kurakurai ya ƙara taswira da sebin, wato adana inda ka kai, ta atomatik. Ni na asalin na buga kuma sunayensa zan yi amfani da su, in ka ga suna ya ɗan bambanta a naka kada ka ruɗe, wajen dai shi ne.

Abu na farko da gem ɗin zai tambaye ka shi ne ka zaɓi mutum huɗu daga cikin iri shida, kuma wannan zaɓin da shi za ka zauna har ƙarshe, babu canji. Akwai Fighter, Thief, Black Belt, sai masu sihiri uku, Red Mage da White Mage da Black Mage. In karonka na farko ne kada ka kuskura ka tafi babu Fighter, kuma ka sa shi a saman layi, saboda rabin dukan da abokan gaba ke kawowa kan na farko yake sauka, na biyu ya sha kashi ɗaya cikin huɗu, na uku da na huɗu su raba ragowar. Ni na ɗauki Fighter, Red Mage, Black Belt da White Mage. Black Belt ɗin nan da farko kamar ba shi da amfani, amma da ya ɗan hau lebul sai ka cire masa makami gaba ɗaya ka bar shi da hannu, daga nan fa sai dai ka yi ta kallo, ga shi ba ya cin kuɗi. Thief kuwa a na NES rauni gare shi har sai an yi nisa, ban ba sabon shiga shawararsa ba.

Da G 400 za ka fara, G ɗin shi ne kuɗin gem ɗin. Ka sayi makamai a Coneria, ka shiga menu ka ɗaura wa kowa nasa da hannunka don saye kaɗai ba ya nufin an ɗaura, ka sayi sihirin CURE na ƙarin jini da FIRE na wuta, ka zagaya bakin gari har lebul 3 ko 4, sannan ka hau arewa ka ceto gimbiya Sara daga hannun Garland. Za ta ba ka wani abin kiɗa mai suna Lute, ka ajiye shi a ranka don sai can ƙarshen ƙarshe zai yi aiki. Daga nan sarki ya gina gada, ka wuce Pravoka ka doke 'yan fashin teku tara ka karɓe jirgin ruwansu. Wannan ɓangaren ba wuya. In kana son taswira danna B da Select tare, tsintsiyoyin da ke shara a kogon wata mayya mai suna Matoya su ne suke faɗa maka amma a juye suke faɗa.

Yanzu ga abin da dole ka gane game da faɗa, don shi ne ke ba mutane haushi tun ba a je ko'ina ba. In ka ce wa mutum biyu su sari dodo ɗaya, na farko ya kashe shi, na biyu ba zai juya kan wani ba, iska zai sara a rubuta maka cewa dukan ya tashi a banza. Da farko na ɗauka rashin kyawun gem ne, daga baya na ga wannan ne ke hana ka danna A ido rufe, dole ka san wannan dodon duka nawa yake ɗauka, ka raba mutanenka, wane ka tafi kan wancan, ku biyu ku taru a kan wannan. Sihiri ma ba a yi masa ma'auni ɗaya ba, matakai takwas ne, kowane mataki guda uku kaɗai mutum zai iya koya, kuma kowane mataki da adadin sau nawa za ka iya jefawa, iyakarsa tara. Ya ƙare ya ƙare, sai ka koma masauki. Sebin kuma a masauki ne kawai ko a fili da Tent ko Cabin ko House, cikin kogo babu, ka mutu a hawa na ƙarshe ka koma inda ka yi sebin.

To Marsh Cave. Yana kudu da Elfland, tafiya ce mai nisa a ƙafa, kuma hanyar da cikin kogon duk cike suke da masu dafi, in dafi ya kama mutum kowane taku jininsa ke raguwa. Kuskuren da ake yi shi ne a sauka daga jirgi a miƙe can kai tsaye. A'a. Ka zauna kusa da Elfland kana faɗa da Ogre kana tara kuɗi har ka sayi Silver Sword ɗin nan na G 4000 wa Fighter, ka sayi sihirin tsawa na LIT2, ka kai wajen lebul 9 ko 10. Sannan ka shiga shago ka cika jaka da Heal mai ƙara jini da Pure mai maganin dafi, kuma a nan haƙurinka zai sha gwaji don a na NES ɗaya bayan ɗaya ake saye, kwalba 99 sai ka saya sau 99, ni dai na kan kunna wani abu ina saurare ina dannawa. Pure ka ɗauki kamar ashirin. Ka kafa Tent a bakin kogon ka yi sebin, shigar farko ba don ka gama ba ne, ka shiga ka gane hanya ka kwashi akwatuna, da ka ga magani ya kai rabi ka juya. Wannan juyawar ita ce duk sirrin gem ɗin, mutum ya san lokacin da zai koma tun yana da abin komawa. Shiga ta biyu ka miƙe ƙasa wajen akwatin Crown, kada ka taɓa LIT2 a hanya ko ɗaya, ka adana wa Wizard ɗin da ke gadinsa don dukansu ba na wasa ba ne.

Na tuna fitowata daga wajen, White Mage ta mutu, Black Belt na ɗauke da dafi ba Pure ko ɗaya, allon yana walƙiya duk taku, ina ƙirga takun da ya rage zuwa matakala da baki. Da na ga hasken waje sai da na sauke ajiyar zuciya. Gem ɗin zamani da yawa masu kyan hoto ba su taɓa sa ni jin haka ba.

Bayan nan abin ya zama kai wannan karɓo wancan. Ka kai Crown wajen wani mugu mai suna Astos, ka doke shi ka sami idon Matoya ka mayar mata, ta ba ka maganin da zai tashi yariman Elfland daga barci, shi kuma ya ba ka makulli, ka koma Coneria ka buɗe ɗakin da TNT yake, ka kai wa Nerrick a kogon wadanni ya fasa maka hanya zuwa babban teku. Ka riƙa rubuta abin da mutanen gari ke faɗa a takarda, gem ɗin ba zai tuna maka komai ba. Kuma ka sani Melmond ba ta da shagon magani ba ta da wajen tayar da matacce, don haka ka yi guzurinka tun kafin ka nufi Earth Cave, inda za ka shiga sau biyu, na farko don Vampire na biyu don Lich.

Daga kan Lich ne gem ɗin yake sakin hannunka, kuma nan ne na fi so. A Crescent Lake za a ba ka kwale-kwale, tsarin labari ya nuna dutsen wuta na Gurgu ne na gaba, amma babu wanda ya tilasta ka. Shawarata ka fara zuwa Castle of Ordeals da jirgi da kwale-kwale, akwai Zeus Gauntlet da Heal Staff a ciki, kayan da in ka yi amfani da su a faɗa suna jefa sihiri kyauta ba ƙarewa, ɗaya tsawa kan kowa ɗaya kuma ƙarin jini ga duk tawaga. Wannan kaɗai ya sauya min gem ɗin. A can ma za ka ɗauko jelar ɓera. Sai Ice Cave, wanda gaskiya shi ne wajen da ya fi kowane rashin adalci, akwai Sorcerer da ke kashe mutum da taɓawa ɗaya, akwai tsuntsayen da ke mayar da mutum dutse, ba dabara da ta wuce gudu da sebin a bakin ƙofa da ɗaukar Soft, maganin wanda ya zama dutse. Ka fito da Floater, abin da ke tayar da jirgin sama, ka je hamadar kudu da Crescent Lake ka tono jirgin sama, ka kai wa Bahamut, sarkin dragon, jelar nan ya ɗaukaka mutanenka su zama manya, Fighter ya koma Knight da sauransu. Da ka yi haka ka je ka sayi sihirin EXIT mai fitar da kai waje nan take, daga ranar fita daga kogo ta daina zama abin fargaba. In ka zo dutsen wutar kuma ka taka narkakken dutsen ba tsoro, jini ɗaya yake ci duk taku amma dodanni ba sa tare ka a kansa.

Kada ka zubar da kuɗinka kan kowane sihiri, wasu a na NES ba sa aiki sam saboda kuskuren rubutun manhaja, TMPR da SABR ba sa ƙara komai, LOK2 ma taimakon abokin gaba yake yi. Wanda ba ka da kamarsa shi ne FAST, yana ninka yawan saran mutum, ka jefa wa Knight da mai dambenka, wato Black Belt, a farkon faɗan kowane bos, shi ke nan.

Ragowar hanya sai ka yi ta tambaya. Akwai kwalba mai aljana a ciki da ake sayarwa G 50000 a wajen fatake cikin hamada, ka sake ta a Gaia ta ba ka abin numfashi a ruwa, ka nutsa daga Onrac wajen Kraken, kada ka fito ba ka ɗauko allon dutsen da Dakta Unne zai koya maka yaren Lefein da shi ba. Da ƙararrawar Lefein da Cube ɗin da ke bayan magangarar ruwa za ka hau Mirage Tower har fadar da ke sama wajen Tiamat, ka ɗauko Adamant a can ka kai wa maƙerin wadanni ya ƙera maka Xcalber. Kogon ƙarshe yana mayar da kai shekara 2000 baya, ka sake karawa da manyan dodanni huɗun nan, Lich da na dutsen wuta da Kraken da Tiamat, sun ƙara ƙarfi. Ka shiga da Heal 99, kana kusa da lebul 30, kuma ka nemo Masmune a hawan ƙasa kafin ka gangara, takobi ne da kowa zai iya riƙewa. Chaos jini 2000 gare shi amma yana iya cika kansa da CUR4, don haka ba a jan faɗa da shi, FAST a zagayen farko sannan sara ba ƙaƙƙautawa.

Ya yake a yau? Labarin siriri ne, mutanenka huɗu ba sa magana ko kalma ɗaya, dodanni na tare ka fiye da kima, shagon yana cin rai, waɗannan ba zan kare su ba. Amma kiɗan Nobuo Uematsu har yanzu yana zama a kai, zanen dodannin da aka ɗauko daga hannun Yoshitaka Amano yana da kwarjini ko a ɗan allon nan, kuma tsoron ƙarewar guzuri a tsakiyar kogo bai tsufa ba ko kaɗan. In lokacinka kaɗan ne ka ɗauki Pixel Remaster, har da damar kashe haɗuwa da dodanni da ninka abin da kake samu sau huɗu, sai dai ina roƙonka kada ka yi amfani da su har ka fito daga Marsh Cave da ƙarfinka. Ni kam na riga na sake buɗe sabon wasa, wannan karon da Black Mage a madadin Red, ina son in ga babban sihirinsa na NUKE da idona.