Cigiya, Sanarwar Rasuwa da "An Ce": Inda Muke Kuskure a Makka da Jidda

A Makka kowa Alhaji ne, kowace mace Hajiya ce. Shi ya sa cigiyar da ta ce "wata Hajiya 'yar Kano ta ɓata a Harami, wanda ya gan ta ya taimaka" ba ta gaya wa kowa komai ba. Mai cigiyar ya san wadda yake nufi, hankalinsa a tashe yake, sai ya ɗauka kowa ma ya sani. Yawancin kurakuran da muke gani wajen isar da magana ga jama'armu a Saudiyya, mazauna da baƙi, daga nan suke tasowa: ana tsara sanarwa don wanda ya riga ya san labarin, alhali wanda zai yi amfani da ita baƙo ne, yana sauri, kuma wataƙila a baki na biyar ta iso masa.

Mu fara da cigiya, don ita ce ba ta jira. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu. Tsohuwar da ta rabu da 'yan rakiyarta da hantsi a irin wannan yanayi, kowace sa'a tana da muhimmanci a kanta.

Suna biyu ake bukata, ba ɗaya ba. Na farko shi ne wanda ke kan fasfo, harafi da harafi, domin da shi asibiti da 'yan sanda da cibiyoyin shiryar da ɓatattun alhazai suke aiki. Na biyu shi ne wanda take amsawa. Wadda aka shekara arba'in ana kira Goggo ko Inna ko Iya, ba lallai ta waiga ba idan baƙo ya kira sunan yankanta a cikin cunkoso. Akwai kuma alkunya, wadda masu cigiya suke mantawa da ita: tsohuwar Bahaushiya sau da yawa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta ba ko da askar, wato jami'in tsaro, ne ke tambaya, sai ta ce "mai gidan" ko "yaron nan". To idan ɗan farin ne ya kawo ta, a sa a cikin cigiyar sunan da take kiransa da shi, don wanda ya tsince ta ya iya haɗa zaren.

Kwatancen sutura ma sai an kula. "Tana sanye da atamfar alhazan jiharmu" kwatancen dubban mata ne. "Yana cikin harami" a ranar Arfa kwatancen kowane namiji ne. A faɗi abin da ya raba mutum da saura: tsagar fuska, wushirya, haƙorin Makka, sandar dogarawa, ɗingishi, launin jaka. A faɗi yaren da yake ji, ko Hausa kaɗai, ko Fillanci, ko Barbarci, ko Zabarmanci. Idan yana da ciwon suga ko hawan jini ko ruɗewar tsufa, wannan na cikin abin da ya wajaba a ambata, ba tonon asiri ba ne a nan. A kuma ce ko katin Nusuk, wato katin shaidar da ake ba alhazai, na wuyansa, domin wanda ke da katin, duk jami'in da ya duba zai ga masaukinsa.

Sai wuri. "A Harami" ba wuri ba ne. Ƙofofin Masallacin suna da suna da lamba: Ƙofar Sarki Abdul'aziz ita ce lamba 1, ta Sarki Fahad 79, ta Sarki Abdullah 100. A faɗi ƙofa, a faɗi hawa, a faɗi ko a filin ɗawafi ne ko tsakanin Safa da Marwa, a faɗi sallar da aka rabu a cikinta. Haka a unguwannin Makka, "a Aziziyya" bai isa ba, akwai ta kudu akwai ta arewa. Misfala kuwa, Titin Ibrahim Khalil kaɗai otal-otal ne jere, da yawansu sunayensu na kama da juna. Mazauna suna da nasu kuskuren daban: kwatance da wurin da babu shi yanzu. Tun daga ƙarshen 2021 aka rushe tsofaffin unguwanni da dama a Jidda, irin su Sabil da Karantina da Gulail, amma har yau sai ka ji ana cewa "bayan shagon wane na Karantina". Kowane gini a ƙasar nan yana da gajeren adireshi na hukuma, haruffa huɗu da lambobi huɗu. Wanda ya ba da shi ya huta da dogon bayani.

Ga yadda cigiya take kamawa idan an tsara ta: "Ana cigiyar Wance 'yar Wane, ana kiranta Goggo, shekarunta wajen 70, Hausa kaɗai take ji, tana da ciwon suga. An rabu da ita bayan sallar Asuba yau Talata, kaza ga wata, a Ƙofar Sarki Fahad, hawa na ƙasa. Tana dogara sanda, ba ta da waya, katinta na wuyanta. A kira wannan lamba." Shi ke nan. Addu'a da salati suna da wurinsu, amma kada a jera su har rabin saƙo kafin a kai ga sunan wadda ta ɓata.

Lambar wayar kanta tana ba da matsala fiye da yadda ake zato. Lambar hannu ta Saudiyya lambobi goma ce, tana farawa da 05. Wanda zai kira da layin gida sai ya sa +966 ya jefar da sifilin farko, don haka a rubuta ta ta hanyar da kowa zai iya kira. Idan kwafo ta aka yi daga allon otal, a lura: biyar ta Larabci tana kama da sifilin boko, shida tana kama da bakwai, sifili kuwa ɗigo ne kawai da ido kan tsallake. A kira lambar sau ɗaya a ji ta shiga kafin a ba jama'a. Kuma lamba ɗaya ko biyu, ta wanda wayarsa ke kunne, ba ta dattijon da ke kashe tasa daga Magariba ba.

Kada cigiya a tsakanin 'yan'uwa ta maye gurbin kai rahoto. A yankin Makka lambar gaggawa 911 ce, motar asibiti ta Hilal Ahmar 997. Alhajin da ya zo ta hannun hukuma, a sanar da jami'an alhazan jiharsa da na NAHCON, hukumar alhazai ta Najeriya, ko na ƙasarsa idan ba ɗan Najeriya ba ne, a kuma leƙa asibitoci da sunan fasfo. Ofishin jakadancin Najeriya na Riyad, ƙaramin ofishin kuma na Jidda.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne barin cigiya a buɗe. An ga Goggo da La'asar, an yi hamdala, an koma masauki, ba wanda ya sake cewa uffan. Bayan kwana uku mutane na can suna duba fuskokin tsofaffi a unguwar Jarwal, mai lambar kuma ana ta kiransa har tsakar dare. Wanda ya buɗe cigiya shi ke da alhakin rufe ta, ta duk hanyar da ya bi ya buɗe: "An gan ta, lafiya lau, mun gode, a daina yaɗawa." Dalilin sa kwanan wata a cigiya ke nan tun farko, don idan ta sake zagayowa baɗi a gane tsohuwa ce.

Sanarwar rasuwa

Nan gaggawa ce ke ɓata abu. Ba a shelanta rasuwa sai an tabbata makusanta sun ji daga bakin wanda ya dace. Matar mamaci na Katsina ko Maraɗi ko Wad Madani, bai kamata ta fara jin labarin daga maƙwabciya da ta zo mata gaisuwa ba. A nemi babba a dangi, wa ko kawu, a gaya masa, a bar shi ya shiga gidan, sannan a faɗa wa duniya. Jinkirin sa'a guda ba ya rage wa mamaci komai.

Na biyu, yanke lokacin jana'iza kafin takardu su fito. A gida mutum kan rasu da safe a kai shi kafin Azahar. A nan gawa ba ta fita sai da takardar asibiti da izinin binnewa, baƙo kuma akwai ƙarin takardu ta ɓangaren ofishin jakadancinsa ko wanda ke da alhakinsa. Wanda ya yi saurin cewa "za a yi salla bayan La'asar" sai ya tara mutane daga Jidda, tafiyar kilomita wajen 80, su zo su tarar ba a gama ba. A raba sanarwar biyu: ta rasuwa, tare da cewa lokacin salla zai biyo baya, sannan ta jana'iza idan izini ya zo hannu. A Harami ana sallar gawa bayan sallolin farilla, kuma mai shela ba ya kiran sunan kowa, don haka sai an faɗi takamaiman sallar, da maƙabartar, ko Ma'alla ko Shara'i, a Madina kuwa Baƙi'a. A faɗi inda za a zauna karɓar gaisuwa. Al'adar Hijaz kwana uku ce, tsakanin Magariba da Isha, ba zaman safe zuwa dare a ƙofar gida kamar yadda aka saba a Kano ba, kuma baƙi ba su san haka ba sai an gaya musu.

Lokaci yana da tarkuna huɗu. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da sa'a biyu, yana gaban na Sudan da sa'a ɗaya, saboda haka "ƙarfe huɗu" sai an ce na ina. "Daren Juma'a" a bakin malami daren Alhamis ne wayewar Juma'a, a bakin ɗan boko kuwa daren da ke bin yinin Juma'a, to a fayyace. Kwanan watan Musulunci na nan, na kalandar Ummul Ƙura, yakan saɓa da na gida da kwana ɗaya, don haka a haɗa shi da sunan rana da kwanan watan Bature. "Bayan Isha" ma yana motsi: tazararta da Magariba sa'a ɗaya da rabi ce, a watan azumi kuwa sa'a biyu.

Hoton gawa, ko na majinyaci a kan gadon asibiti, ba shi da gurbi a sanarwa. Ban da cin mutunci, doka ce. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyu, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya ko ya ɓata masa suna. Wannan ya shafi masu sanarwar "a yi hattara da wane, macuci ne" tare da hotonsa. Ko da gaske ya ci kuɗin, wurin maganar ofishin 'yan sanda ne ko kotu, in ba haka ba mai gaskiya ya koma wanda ake tuhuma. Hoton fasfo da na iƙama, wato katin izinin zama, kuwa kada a sake su ga jama'a ko don cigiya. Fuska da suna sun wadatar, lambobin na jami'ai ne.

Neman taimako na kuɗi shi ne inda kyakkyawar niyya ta fi jefa mutane cikin wahala. Tara gudummawa daga jama'a ba tare da lasisi ba laifi ne a Saudiyya, haka karɓar kuɗi a masallaci, kuma dokar hana bara ta 2021 ta sa ɗaurin da zai iya kai wata shida ko tarar da za ta iya kai riyal 50,000. Wanda ya ba da lambar asusunsa ya ce kowa ya tura, kansa ya jawo wa bincike. Akwai ƙungiyoyin agaji masu rajista, akwai manhajar Ihsan da gwamnati ta buɗe a 2021. Dangi kuma idan za su haɗa wa ɗan'uwansu wani abu a tsakaninsu, a faɗi adadin da nau'in kuɗin, riyal ko naira ko sefa, a rubuta abin da ya shigo, a ce an rufe idan ya cika.

Sai "an ce". An ce za a yi afuwa ga marasa iƙama, an ce an fara kame a Shara Mansur ta Makka, an ce bana bizar ziyara ta isa a yi Hajji. Irin wannan magana tana yaɗuwa ne don tana da ƙanshin gaskiya: an taɓa yin afuwar, a 2013 da kuma 2017, sai wani ya tono tsohon labarin ya sake shi ba kwanan wata. Illar ba ƙarama ba ce, domin wani zai fito ya miƙa kansa, wani zai biya dillali. A Hajjin 2025 tarar wanda aka kama ba shi da tasrihi, wato izinin yin Hajji, ta kai riyal 20,000, ta wanda ya yi jigilarsa ko ya ba shi masauki ta kai 100,000. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Kafin ka isar, tambayi wanda ya gaya maka: wace hukuma ce ta faɗa, yaushe? Maganar iƙama da biza ta Jawazat ce, wato hukumar shige da fice, da Ma'aikatar Cikin Gida, maganar Hajji ta Ma'aikatar Hajji da Umara ce. Idan amsarsa ita ce "wani ne ya turo min", maganar ta mutu a hannunka.

Abu biyu ƙanana. Kalmar "takari" wasu na kiran kansu da ita cikin raha, wasu kuwa zagi suke jin ta, don haka a sanarwa a ce "mazaunin Makka" ko "haifaffen Jidda". Sannan kada a cusa wa sanarwa abin da ba nata ba. Mutum ya tashi faɗin rasuwa, sai ya zarce da habaici kan masu sadakar uku da masu hana ta, ko ya liƙa tallar dabino da jallabiya a ƙarshen cigiya. Rabin masu sauraro za su tafi da gardamar, su bar sunan maƙabartar a baya.