Yadda Za Ka Tsokani 'Yan Gidanku da Kwamfuta Ba Tare da An Kai Ƙararka ga Baba Ba

Kafin ka taɓa kwamfuta, fara zaɓar mutum. A gidanmu da ke Gwammaja a Kano laftof ɗaya ce ke yawo hannu-hannu, kuma na san ba kowa ake yi wa wasa ba. Taubashinka, ƙaninka, ko kakarka in tana kallon bidiyon biki, duk halak ne. Baba ba ya ciki, balle suruki. Mai rubuta furojet ɗinsa na BUK da mai gwajin JAMB, ƙyale su sai sun gama.

Mafi arha shi ne na salatef. Kifa maus ɗin, ka manna 'yar takarda a ramin da haske ke fitowa. Kibiya za ta tsaya cak, ka ga mutum yana goga maus a cinya, yana zare waya yana mayarwa. Rubuta "Sannu Yaya" a takardar, don in ya kifa ya san aikin wane ne.

Wanda na fi so kuwa sai an yi haƙuri. Rufe duk abin da ke buɗe, ka danna maɓallin Windows tare da PrtScn. Hoton fuskar kwamfutar zai faɗa cikin Pictures, a jakar Screenshots. Mayar da shi hoton bango. Sai ka danna gefen dama na maus a fili, ka shiga View, ka cire alamar da ke kan Show desktop icons. Yanzu komai yana nan a ido, amma hoto ne kawai. Ƙanwata ta yi ta danna Chrome tana salati, har ta fara zargin ƙanin namu da zuba wa kibod ruwa. Gyaran bai wuce mayar da alamar nan da tsohon hoton ba.

In taubashiyarka na yawan rubutu a Word, shiga File, Options, Proofing, sannan AutoCorrect Options. A akwatin Replace sa kalmar da ta saba rubutawa, misali "sannu", a With kuma ka sa "ni ce mai tsame naman miya". Ban da zagi, ban da sunan saurayi. Irin wannan ne ke kai magana gaban Hajiya. Ka goge canjin kalmar a ranar, domin yana bin duk takardar da aka buɗe.

Akwai kuma kifa fuska. A tsofaffin laftof masu Intel, Ctrl da Alt da kibiyar ƙasa na juya komai ƙafa a sama, kibiyar sama ta dawo da shi. In bai ci ba, bi ta Settings, System, Display, ka sauya Display orientation.

Kada ka sauya fasuwod, kada ka goge fayil, kada ka leƙa WhatsApp ɗin kowa. Ka yi lokacin da akwai wuta, ba sa'ad da ake lallaɓa ragowar caji ba. Kuma ka zauna kusa. Da zarar ka ji an ce "a kai ta Farm Centre" (kasuwar waya) ko "a kira mai gyara daga Beirut Road", tashi ka gyara kafin a fitar da kuɗin adaidaita.