Kurakuran Sabon Malamin Rubutu Wajen Tsara Darussan Zango

Duk shekara, idan an kusa komawa karatu, sababbin malamai kan kawo mini takardar tsarin darussansu in duba, kuma kusan kullum sai na tarar da kuskuren da ya taɓa kayar da ni, wato jibga wa ɗalibai ayyukan rubutu ba tare da malam ya lissafa lokacin gyara su ba.

A shekarata ta farko a nan Maradi na rubuta cewa kowane ɗalibi zai kawo insha'i 8 a zango na biyu, alhali mutum 120 ne a ajin. Takardu 960 ke nan, kuma idan kowace ta ci minti 15, ana maganar awa 240. Ban yi wannan lissafi ba sai da zafin Afrilu ya kankama, ina zaune a tsakar gida an ɗauke wuta, fitilar waya a hannun hagu, jan biro a dama, gumi yana ɗiga a kan rubutun mutane. Insha'in farko bai koma hannun masu shi ba sai bayan sun miƙa na huɗu, saboda haka kuskuren da na ja wa layi a na farko shi na sake tararwa har sau uku. Tun daga nan na tsaya a kan insha'i 3, amma kowane sai an kawo daftarinsa, na yi gyara, sannan a sake rubutawa.

Na biyu shi ne rashin bayyana yadda za a raba maki, kuma a nan ba na yi wa kowa uzuri. Malam, ta yaya za ka rubuta "za a duba ingancin rubutu" kawai, ka ɗauka ka gama aiki? A jami'a, ɗalibin da ya samu 9 bisa 20, wato saura maki ɗaya ya kai 10 na cin darasin, zai tare ka a bakin aji ya ce, "Malam, a ina maki ɗayan ya maƙale?" An taɓa yi mini wannan tambaya a gaban jama'a, na rasa ta cewa. Ni dai yanzu ina ba hujja maki 8, tsarin sakin layi 6, nahawu da ƙa'idar rubutu 4, tsabta 2, ko da yake wasu abokan aikina na ganin na rage wa nahawu daraja. A shafin rabon makin nan kuma nake rubuta hukuncin wanda ya makara da na wanda ya kwafo daga intanet.

Kalanda ma tana kayar da sabon malami. Azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, ga hutun Salla, ga ranakun hutu irin su 18 ga Disamba, ga yajin aikin da ba ya sallama kafin ya shigo. Ina barin mako 2 babu komai a cikinsu, kuma ban taɓa rasa abin da ya cinye su ba.

Sauran ƙanana ne. Kada a wajabta littafin da babu shi a laburare, a kuma tuna cewa kuɗin fotokopi daga aljihun ɗalibi yake fita. A sa ranar ganin malam a ofis, in ba haka ba saƙonnin WhatsApp za su riƙa shigowa har tsakar dare. Takardar kuma kada ta wuce shafi 2, domin a karanta ta a aji tun ranar farko, kowa yana riƙe da tasa.