Darasi na 9: Ruwan Khal Daga Ɓawon Abarba

Ɓawon abarbar da masu baro ke zubarwa a Mile 12 da Agege na birnin Legas kowace yamma, khal ne ake zubarwa. Tsamin nono da na kamu asid ɗin laktik ne, na khal kuwa asetik. Duka ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani ne ke yin su. A khal aikin hawa biyu ne: yis ya ci sukari ya mayar da shi barasa, sannan bakteriyar Acetobacter ta juya barasar zuwa asid. Ita wannan ba ta aiki sai da iska.

A tanadi ɓawon abarba ɗaya wankakke, ruwa lita 1, da sukari giram 100, wato kamar cokali 8 na cin abinci. A tafasa ruwan ya huce, don sinadarin kulorin na ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin. Mazubi ya zama kwalba mai faɗin baki ko robar abinci. Ban da tukunyar alminiyam, asid yana cin ta.

A haɗa, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a ɗaure bakin saboda ƙananan ƙudaje. A riƙa juyawa kullum har kwana 7. Za a ga kumfa na tasowa, kuma ba a sha a wannan matakin, akwai barasa ciki. Nan aka fi yin asara: ɓawon da ya taso sama ya sha iska shi ke yin funfuna, balle da laimar daminar Legas. A danne shi da ƙaramin faranti na tangaran.

Ranar 8 a tace, a zuba rabin kofi na tsohon khal ɗanye, wato wanda ba a dafa ba, idan akwai, a mayar da ƙyallen, a ajiye a inuwa mako 3 zuwa 4 ba taɓawa. Zafin digiri 25 zuwa 30 bakteriyar take so, kusan na ɗakin Legas ke nan. Wata fata mai santsi za ta kwanta a sama. Ita ce uwar khal, a adana ta don haɗi na gaba. Amma in an ga gashi-gashi kore ko baƙi, a zubar duka.

Da warin barasa ya tafi, tsami ya kama harshe, a ɗura a kwalba a toshe. In aka bar shi buɗe, bakteriyar za ta koma cin asid ɗin, ya salance. Asid ɗin khal na kanti yakan kai kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari. Na gida ba a auna ƙarfinsa ba, don haka a tsaya ga kwaɗon salak da jiƙa nama, kada a adana abinci da shi.